Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Korona da Ma'aikatan Jiragen Shaƙatawa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ƙarya da ake ta shayar da duniya tun shekarar 2020, kuma saboda yawan nanata ta har ta fara kama da gaskiya. Wai annobar korona ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san talaka ba, duk wanda ta tarar ta buge shi daidai wa daida. Mu kam ba mu yarda ba. Lalle ƙwayar cuta ba ta leƙa aljihun mutum kafin ta kama shi, amma masu yanke shawarar wanda za a fara ceto da wanda za a bari a baya suna leƙawa, kuma sun leƙa. Babu inda wannan ya fito fili kamar a sana'ar jiragen ruwan shaƙatawa, waɗannan manya-manyan jirage da ke yawo da masu hali daga wannan tsibiri zuwa wancan domin hutu da annashuwa.

Mun san wani zai ce ina ruwan biri da gada? Ina ruwan ɗalibin da ke fama da kuɗin makaranta, ko ƙaramin akawun da albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata, da jirgin da bai taɓa gani ba sai a hoto? Ruwanmu ya zo ne domin abin da aka yi wa ma'aikatan waɗannan jirage darasi ne cikakke a kan yadda jari-hujja ke aiki idan ya sami wurin da babu doka a kansa. Annoba ta tsayar da jiragen, wannan gaskiya ne. Amma tsarin da ya sa aka iya zubar da dubun dubatar ma'aikata ba tare da an rubuta wa ko ɗayansu takardar kora ba, an gina shi ne da gangan, shekaru masu yawa kafin kowa ya ji sunan korona.

Sama da ƙasa

Jirgin shaƙatawa gari ne sukutum a kan ruwa. Akwai ɗakunan kwana dubbai, da gidajen abinci, da gidan caca, da wuraren ninƙaya da na kallon wasanni. A shekarar 2019 mutum miliyan 29.7 suka hau irin waɗannan jirage. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan ciniki yana hannun kamfanoni uku ne, wato Carnival da Royal Caribbean da Norwegian, dukkansu kuma hedkwatarsu tana yankin Miyami a jihar Fulorida ta Amurka. A wannan shekara Carnival kaɗai ya yi cinikin dala biliyan 20.8, ya ci ribar kusan dala biliyan 3.

A benayen sama fasinjoji suke, galibinsu daga Amurka da Turai. A can ƙasa kuwa, a ƙananan ɗakuna marasa taga inda ake cusa mutum biyu ko fiye, masu ɗauke da garin suke kwana: kuku, da mai wanke-wanke, da mai gyaran gado, da mai wanki da guga, da mai share bene, da makaniken inji. Yawancinsu 'yan Filifin ne da Indiya da Indunusiya, sai mutanen tsibiran Karibiyan da gabashin Turai. Ana ɗaukar su ne ta hannun dillalan ma'aikata, a kan kwantiragi na wata shida zuwa tara, su yi aiki kwana bakwai a mako, babu Asabar babu Lahadi. Yarjejeniyar Ƙwadagon Teku ta 2006, wadda ake kira kariyar ma'aikacin ruwa, ta ce a ba shi hutun da bai gaza awa 77 ba a mako. Mako kuwa awa 168 ne, saboda haka doka ta halatta a sa shi aikin awa 91. Ma'aikacin gwamnati a nan awa 40 aka rubuta masa. A farkon 2020 mafi ƙanƙantar albashin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar wa ƙwararren ma'aikacin jirgi dala 625 ne a wata, masu hidimar tebur da ɗakuna kuma rabin rayuwarsu ta dogara ne ga tukwicin fasinja. Bisa lissafin da Carnival ya bayar da kansa, a 2019 matsakaicin ma'aikacinsa ya sami kimanin dala 15,000 a shekara, shugaban kamfanin kuwa ya kwashi sama da dala miliyan 11. Sai talaka ya yi shekara ɗari bakwai yana goge bene kafin ya tara abin da maigidan ya samu a shekara guda.

Tutar haya

Yaya aka yi kamfanin da ke zaune a Amurka, yana sayar wa Amurkawa tikiti, yana tashi daga tashoshin Amurka, bai biyan albashin Amurka, bai bin dokar ƙwadagon Amurka? Asirin yana ga wani ƙyalle da ke kaɗawa a bayan jirgi. A dokar teku, jirgi ɗan ƙasar da yake ɗauke da tutarta ne, dokar wannan ƙasa ce ke aiki a cikinsa. To sai wasu ƙasashe suka mai da tutarsu hajar sayarwa: kawo kuɗin rajista, ka ɗauki tuta, ba mai tambayar ka nawa kake biyan ma'aikata. Wannan ita muke kira tutar haya.

Dabarar tsohuwa ce. A 1922, zamanin da Amurka ta haramta sayar da giya, aka mai da wasu jiragen fasinja biyu na Amurkawa ƙarƙashin tutar Panama domin su ci gaba da shayar da fasinjojinsu. Tun ran gini tun ran zane: an ƙirƙiri tutar haya ne domin a tsere wa doka. A 1948 Edward Stettinius, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, ya jagoranci kafa rajistar jirage ta Laberiya, a nan Afirka ta Yamma. Har gobe ofishin da ke gudanar da wannan rajista yana jihar Bajiniya ta Amurka, ba a Monrobiya ba. A 2023 Laberiya ta wuce Panama ta zama ta ɗaya a duniya wajen nauyin jiragen da ke ɗauke da tutarta, alhali kuwa mutanenta suna cikin mafi talauci a duniya. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Idan ana neman misalin sabon salon mulkin mallaka, ga shi nan a rubuce: ƙasa tana da 'yanci, tana da tuta, amma tutar tata rumfa ce da baƙi ke fakewa a ciki.

Su kansu kamfanonin haka suka yi da takardunsu na haihuwa. Carnival a Panama aka yi masa rajista, Royal Caribbean a Laberiya, Norwegian a Bamuda. Jiragensu kuma galibi tutar Bahamas ko Panama ko Malta ko Bamuda suke ɗauke da ita. A cikin manyan jiragen kamfanonin nan uku, guda ɗaya tak ke ɗauke da tutar Amurka, wato Pride of America da ke zagaya tsibiran Hawai, shi ma don doka ta tilasta. Amfanin wannan ɓad-da-kama ya fito a lissafin haraji. A kan ribar da ta haura dala biliyan 3 kafin haraji a 2019, Carnival ya biya dala miliyan 71, abin da bai kai kashi uku cikin ɗari ba, a ƙasar da harajin kamfanoni yake kashi 21. Kai kuwa ɗan'uwa ma'aikaci, kafin albashinka ya iso hannunka an riga an yanke haraji.

Tutar haya ba haraji kaɗai take ɓoyewa ba, har da alhaki. A watan Mayu na 2003 tukunyar injin jirgin Norway ta fashe a tashar Miyami, ma'aikata takwas suka mutu, yawancinsu 'yan Filifin. Da iyalansu suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke hukunci a 2005 cewa kwantiraginsu ya ce a je a yi sulhu a Filifin, saboda haka ƙofar kotun Amurka a rufe take gare su. An mutu a Miyami, amma diyya sai a farashin Manila.

Da annoba ta zo

A farkon Fabrairu na 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki: fasinjoji 2,666, ma'aikata 1,045. Aka ce kowane fasinja ya zauna a ɗakinsa domin kada ya kamu. To wa zai kai masa abinci? Wa zai kwashe shara, ya wanke zannuwa? Ma'aikatan nan ne, waɗanda suka ci gaba da cin abinci wuri ɗaya, suna kwana ɗaki ɗaya, suna bin ƙofa-ƙofa sau uku a yini. Killacewar ta fasinja ce, ma'aikaci kuwa shi ne katangar da aka killace fasinja da ita. Har sai da wasu 'yan Indiya daga cikinsu suka ɗauki bidiyo suna roƙon gwamnatinsu ta cece su. Mutum 712 suka kamu a wannan jirgi. A tsakiyar Fabrairu Amurka ta aiko da jiragen sama ta kwashe mutanenta sama da 300. Ma'aikata su ne na ƙarshen sauka, jirgin bai zama fanko ba sai 1 ga Maris.

Aka sake maimaita wannan a Ostireliya. Ranar 19 ga Maris aka saki fasinjoji kimanin 2,700 daga jirgin Ruby Princess a Sidni suka bazu cikin ƙasa. Ma'aikata sama da dubu aka bar su a ciki har fiye da wata guda, wajen 200 daga cikinsu suka kamu.

Ranar 14 ga Maris hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da umarnin hana jiragen shaƙatawa tashi. Cikin 'yan makonni aka mai da kusan dukan fasinjoji gida. A farkon Afrilu rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta ce akwai jirage 114 da ma'aikata 93,000 a ruwan ƙasar ko kusa da shi. A tsakiyar Mayu jaridar Miami Herald ta ƙidaya aƙalla ma'aikata 100,000 da har lokacin suke tsare a teku a faɗin duniya. Hukumar lafiyar Amurka ta ce ba za a sauke su ba sai shugabannin kamfanoni sun sa hannu cewa za su kai su gida a jiragen sama na shata, kuma su ɗauki laifi idan aka saɓa ƙa'ida. Sai manyan suka tsaya jan ƙafa suna kukan tsada. Mutanen da suka raba wa masu hannun jari kusan dala biliyan 1.4 a shekara guda, su ne ke auna kuɗin tikitin kuku.

A cikin wannan jira aka yanke wa da yawa kwantiragi. Ba aiki, ba albashi, ba sauka. Royal Caribbean ya riƙa ba irin waɗannan kimanin dala 13 a yini, ya kira shi kyautatawa. A watan Mayu wasu 'yan Romaniya a jirgin Navigator of the Seas suka shiga yajin cin abinci domin a kai su gida. A cikin watan nan ne kuma aka sami labarin ma'aikata da dama, a jirage daban-daban, da suka kashe kansu. A gaɓar Manila jirage sama da ashirin suka yi layi, 'yan Filifin suna hango fitilun garinsu da dare, ba damar taka ƙasa sai an gama gwaji. A watan Yuni hukumar kula da teku ta Birtaniya ta tsare jirage biyar na kamfanin Cruise & Maritime Voyages, bayan ta tarar da kwantiragin da ya ƙare, da albashin da aka jinkirta, da mutanen da suka haura wata 12 a cikin jirgi. Wata guda bayan haka kamfanin ya durƙushe.

Korar da aka ƙidaya da wadda ba a ƙidaya ba

Ku duba yadda jaridu suka ba da labarin rage ma'aikata. A Afrilu 2020 Royal Caribbean ya sallami ko ya dakatar da kashi 26 cikin ɗari na ma'aikatansa na Amurka, waɗanda suka ɗara 5,000. A Mayu Carnival ya kori 820 a Fulorida ya dakatar da 537, reshensa na Ingila kuma ya shirya rage kimanin 450 a Sawsamtan. Norwegian ya dakatar da kusan kashi 20 cikin ɗari na ma'aikatan ofis. Waɗannan mutane sun sha wuya, ba ma raina wuyarsu. Amma an san adadinsu, domin dokar ƙasashensu ta tilasta wa kamfani ya sanar da hukuma kafin ya yi kora mai yawa. Suna da kuɗin rashin aiki daga gwamnati, suna da kotu, suna da ɗan majalisa.

Carnival kuwa yana da ma'aikata sama da 100,000, mafi yawansu a teku. Ina lissafin waɗannan? Babu, domin a takarda ba a kore su ba. Kwantiragi ne ya ƙare ba a sabunta ba. Wanda yake gida yana hutu, yana jiran dillali ya kira shi ya koma, ya ji shiru, shirun nan kuma ita ce takardar korarsa. Babu kuɗin sallama, babu fansho, babu ofishin da zai je ya yi kuka. Mutum ya yi wa kamfani shekara goma sha biyar, amma a idon doka baƙo ne da aka ɗauka sau ashirin. Ƙungiyar kamfanonin da kanta ta ce daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Satumba na 2020 an rasa ayyuka 518,000 da albashin dala biliyan 23 a duniya. Amma ta fitar da wannan adadi ne domin ta matsa wa gwamnatoci su bar jirage su tashi. Ranar biyan haƙƙi ba a san ma'aikaci ba, ranar neman alfarma sai a ɗaga shi sama kamar allon talla.

Kamfanonin fa? Da majalisar Amurka ta zartar da dokar agaji ta dala tiriliyan 2.2 a ƙarshen Maris 2020, ta ce sai kamfanin da aka kafa a Amurka, mai yawancin ma'aikatansa a Amurka, zai amfana. A nan tutar haya ta juyo ta sari ubangidanta. Amma kada ku yi musu kuka. Babban bankin Amurka ya sanar da cewa zai sayi takardun bashin kamfanoni, kasuwar rance ta farfaɗo, a farkon Afrilu Carnival ya tara sama da dala biliyan 6. Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya sayi kashi 8.2 cikin ɗari na kamfanin. Babban bankin Ingila ya ranta wa Royal Caribbean fam miliyan 300. Ƙasashen Turai masu ƙera jirage suka ɗage musu biyan bashi na shekara guda. Mai gudun haraji ya sami gwamnatoci da yawa da suka tallafe shi, mai wanke kwano bai sami irin wannan gata ba.

Hujjojin 'yan kanzagi

'Yan kanzagin jari-hujja ba sa rasa ta cewa, saboda haka bari mu saurare su. Na farko suna cewa ai kamfanonin sun yi asara ta gaske. Haka ne. A 2020 Carnival ya yi asarar dala biliyan 10.2, Royal Caribbean 5.8, Norwegian 4. Carnival ya rabu da jirage 19, wasu aka kai su Aliyaga ta Turkiyya aka farfasa. Kamfanoni irin su Pullmantur sun mutu. Tambayarmu ita ce: a shekarun ƙoshi, me aka ajiye wa ma'aikaci domin shekarar fari? Manomin ƙauye ma ya san a cika rumbu. Su kuwa ribar shekarun albarka sun rabe ta a tsakanin masu hannun jari, sun sayi sababbin jirage a kan bashi. An ci riba ba da ma'aikaci ba, da asara ta zo aka ce ya kawo kansa a ɗora.

Na biyu suna cewa ai gwamnatoci ne suka rufe tashoshi, har wasu suka ƙi karɓar 'ya'yansu, kuma kamfanoni sun yi amfani da jiragensu sun kai dubun dubatar ma'aikata gida. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba mu wanke gwamnatoci ba. A watan Satumba na 2020 hukumar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ma'aikatan jirage iri-iri 400,000 ne suka maƙale a teku, a Disamba kuma kwamitin masana na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya ce gwamnatoci sun saɓa yarjejeniyar da suka sa wa hannu. Amma wa ya zaɓi tsarin da mai jirgi yana Miyami, tuta tana Bahamas, rajistar kamfani tana Laberiya, dillali yana Manila, ma'aikaci yana tsakiyar teku? An rarraba alhakin ne gida biyar domin ranar tambaya kowa ya nuna wani. Ta yaya ƙananan ƙasashe irin su Bahamas za su kula da ɗaruruwan jiragen da suka sayar wa tuta? Kamfanin da ya nemi ƙasar da ba za ta dame shi ba, ba shi da bakin kuka idan ya tarar ƙasar ba za ta iya ceton ma'aikatansa ba.

Na uku, kuma wannan ita ce hujjar da suka fi so: ai albashin jirgi ya fi na gida, ba wanda aka tilasta wa, kuɗin da suke aikowa ya gina gidaje ya sa yara makaranta. Mun ji. Haka aka faɗa wa kakanninmu da suka haƙa kuza a Jos. Talaucin da ke gida shi ne bulalar da ta kora mutum teku, kuma wanda ya sami mayunwaci ya sa shi aikin awa 91 bai zama mai taimako ba don ya ba shi tuwo. Idan albashin ya isa haka, me ya hana su ɗauki 'ya'yan fasinjojinsu a kansa? Amsar tana ga jirgin nan guda na Hawai: inda doka ta kama su, suna iya biya.

Bayan ruwa ya ɗauke

A watan Yuni na 2021 jiragen suka fara tashi daga Amurka. A 2023 fasinjoji suka kai miliyan 31.7, suka wuce na kafin annoba, a 2024 suka kai miliyan 34.6. A shekarar nan ta 2024 Carnival ya yi cinikin dala biliyan 25, Royal Caribbean ya ci ribar kusan dala biliyan 2.9, ya kuma fito da Icon of the Seas, jirgin da tsawonsa ya kai mita 365, mai ɗaukar fasinja har 7,600 da ma'aikata 2,350, wanda ya ci kusan dala biliyan 2. Tutarsa ta Bahamas ce. Cinikin masu jari ya farfaɗo. Wanda ya sayar da gonarsa a 2020 domin ya ciyar da iyali, ko ya cire ɗansa daga makaranta, babu wani lissafin shekara da zai mai do masa.

Wanda kuma yake zaton wulaƙancin nan na bayin Allah 'yan ƙasashe matalauta ne kaɗai, ya dubi abin da ya faru a Ingila ranar 17 ga Maris 2022. Kamfanin fito na P&O Ferries, wanda ba shi da alaƙa da na shaƙatawa mai irin sunan, ya kori ma'aikata kusan 800 a yini ɗaya ta hanyar saƙon bidiyo, ya maye gurbinsu da 'yan kwantiragi masu araha. Shugabansa ya amsa a gaban majalisar dokoki cewa ya san ya karya dokar tuntuɓar ƙungiyar ƙwadago. Jiragen suna ɗauke da tutocin Kubrus da Bahamas da Bamuda. Wutar da aka bari ta ci gidan maƙwabci ta isa gidan mai gari.

An yi gyare-gyare, ba mu musa ba. A Disamba 2020 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi a ɗauki ma'aikatan teku a matsayin masu aikin da ba a iya yi ba su. An yi wa yarjejeniyar 2006 kwaskwarima a 2022 da 2025. Amma ba a taɓa tutar haya ba, ba a taɓa kwantiragin wata shida ba, Amurka kuma, inda cinikin yake, ba ta sa hannu a yarjejeniyar ba.

Abin da ya rage gare mu

Teku ba baƙuwarmu ba ce. A 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa, mallakar kamfanin Elder Dempster, suka yi yaji a Libaful saboda wariyar launin fata da wulaƙanci. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda aka rushe a 1995, tsofaffin ma'aikatansa suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu ofis-ofis. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ƙwadagon teku a 2013, kuma a Abuja aka ƙulla yarjejeniyar 1999 da ta ba ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya tsarin binciken jiragen waje da ke shiga tashoshinsu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla gobe su ne jami'an ma'aikatar ƙwadago, su ne masu ba dillalan ma'aikata lasin, su ne masu hawa jirgi a Ikko ko Fatakwal su duba takardu. Abin da jami'an Birtaniya suka yi a Yunin 2020, da suka tsare jirage biyar, biro da takarda ne suka yi shi. Irin wannan biro zai zo hannunku, tare da wanda zai miƙo muku ambulan domin ku kau da kai.

Tutar haya kuma ba a ruwa kaɗai take ba. Ku shiga bankunanmu ku tambayi mai ƙirga kuɗi a kanta wa ya ɗauke shi aiki. Sau da yawa zai kira muku sunan wani kamfanin kwangila da ba ku taɓa ji ba. Yana sanye da rigar banki, yana tara wa banki riba, amma ranar kora banki bai san shi ba. A Mayu 2020 sai da Babban Bankin Nijeriya ya fito ya hana bankuna sallamar ma'aikata ba da izninsa ba. Dabarar guda ce: a raba mai cin gumi da mai alhakin gumi.

Saboda haka muna kira da a tilasta wa kowane kamfanin jirgi ya ɗauki tutar ƙasar da masu shi suke zaune, kamar yadda ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya take fafutika tun 1948. Muna kira da a lissafa wa ɗan kwantiragi shekarunsa a haɗe, a biya shi kuɗin sallama kamar kowane ma'aikaci, a kuma ci gaba da biyan duk wanda aka tsare a jirgi cikakken albashinsa har ranar da ya taka ƙofar gidansa. Muna kira ga gwamnatocin Afirka su daina sayar da tuta kamar goro a kasuwa. Muna kira ga ƙungiyoyin ƙwadagonmu su buɗe ƙofa ga 'yan kwangila, domin ƙungiyar da ta tsaya ga masu takardar dindindin kaɗai tana gadin gidan da ake rushewa ta baya. Ga 'yan'uwanmu masu shirin kammala karatu kuwa, duk wanda dillali ya kawo wa takardar aikin waje, ya karanta ta har ƙarshe, ya tambayi dokar wace ƙasa ce ke kanta, wa zai mai do shi gida, wace kotu ce za ta saurare shi.

Annoba za ta sake zuwa, ko yaƙi, ko karyewar kasuwa, kuma masu jari sun riga sun san wanda za su fara jefarwa. Gemun ɗan'uwanmu ya kama da wuta a gabanmu, ruwa kuma yana hannunmu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, muddin yawan ya zama tsintsiya mai maɗauri ɗaya. Tir da ci da gumin talaka, a tudu ko a teku! Gwagwarmaya na ci gaba.